Tagar Hannun Dama

Da gefen mayafinta Auta take ta goge gilashin tagar jirgin ƙasa, can ta gano dattin daga waje yake. Ta ja tsaki ta zauna.

Da kyar aka ba ta hutun kwana biyu a asibitin da take aikin jinya. Likita ya ce ganin Baba ba zai kai ƙarshen shekara ba, shi kuwa abu ɗaya ya roƙa: ya sake ganin ƙaramar tashar da ya yi shekara talatin yana ɗaga wa jirage tuta. Yanzu jirgi ba ya tsayawa a can, wucewa kawai yake yi, ko minti ɗaya ba ya cikawa. Tashar tana hannun dama. Kujerar dama ta saya, amma da suka shiga sai ga lambarsu a hagu, wai an juya taragon.

Tun safe take fama. Mai duba tikiti ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Wata mata ta ce ita jiri take ji in ta bar taga. Wani mai ƙaton ciki kuwa ya samu tagar da Auta take nema ido rufe, ya ja labule, ya kama minshari. Haushi kamar ta fasa ihu.

A waje gonaki suna ta wucewa, sai duwatsu baƙaƙe, sai wani kogi da ya janye ya bar yashi, shanu suna kwance a bakinsa. Tana faɗa wa Baba abin da take gani, yana gyaɗa kai. Sai jirgin ya tsaya cik a tsakiyar daji har awa biyu, ba wanda ya ce musu uffan. Ita dai ranar take kallo tana yin ƙasa, don Baba ba ya ganin komai in haske ya rage.

Da mai ƙaton cikin ya farka, ta durƙusa ta zayyana masa komai. Ya miƙe yana hamma, ya ce ai da ta faɗa tun ɗazu. Ta haɗiye abin da ya zo bakinta, ta yi godiya, ta zaunar da Baba, ta yaye labulen.

Suka hau gadar ƙarfe. Daga ita sai tashar, haka Baba ya ce. Suna sauka daga gadar sai ga jirgin kaya a tsaye a layin dama, tarago bayan tarago, duk tsatsa, ya toshe komai. Ko rufin tashar ba ta hango ba. Hawaye suka zubo mata, na takaici zalla.

Taragonsu ya yi wata girgiza, gau! Baba ya yi dariya.

"Mun iso," ya ce. "Mahaɗin layin dogon nan ne na ƙofar ofishina. Sau huɗu na rubuta a gyara shi."

Ta juyo. Idonsa a rufe yake, ya kafa tafin ƙafarsa a ƙasa, ya ma cire takalmin.

"Baba, ba ka fa ga komai ba."

"Ke dai yi shiru, Auta. Akwai wani mahaɗin a gaba, daidai tankin ruwa."

Ta share fuska, ta zare nata takalmin. Suka jira.