Kwalba a Hammata

A asibitin garin Isa likita ta yi wa Malam Is'haƙa bayani har sau uku, shi kuma ya yi ta gyaɗa kai irin na tsohon malamin firamare da ba ya son a gane bai gane ba.

"Maganin nan ruwa ne muddin yana cikin sanyi," in ji ta. "Da ya ji ɗumin jiki sai ƙananan zaruruwan cikinsa su kama juna, ya daskare a gefen ƙullutun ciwon dajin, ya riƙa sakin magani a hankali. Gwaji muke yi, kwalba biyu ce rabon matarka. Kada su bar ƙanƙara."

Matarsa Tasalla tana kwance a Sabon Birni, ciwon nono ya hana ta hawa babur. Motar asibiti kuwa ta daina bin hanyar saboda 'yan bindiga. Saboda haka ya rungumi kular ƙanƙara da kwalaben ke ciki, ya hau bayan Yari ɗan kabu-kabu.

Rana na tsaka Yari ya rage gudu.

"Malam, ga mutanen nan gaba. Ɓoye abin da kake so."

Duk wanda ya tashi a bakin iyaka ya san dokar: ba a tara kaya wuri guda, mai daraja kuma jikin fata yake kwana. Hannun Is'haƙa bai yi shawara da kansa ba. Ya zaro kwalba ɗaya ya matse a hammata, ya bar ɗayar a kula don a sami abin ƙwacewa.

Su huɗu ne, da bindigogi.

"Mi ke cikin wanga abu, tsoho?"

"Maganin mata ne, ranka ya daɗe."

Mutumin ya buɗe. Ya ɗaga kwalbar ya duba, ya yi tsaki, ya jefa masa. Ƙanƙarar ce ta burge shi. Suka zauna a inuwa suna tsotsa, sai da ta ƙare suka ce a wuce.

A nan maganar likita ta faɗo wa Is'haƙa. Ɗumin jiki. Ya ji zufa na gangarowa daidai inda ya matse.

Ya warware rawaninsa, ya jiƙa da ruwan da ya rage a gindin kula, ya naɗe kwalaben, ya ɗaga su sama iska na bugu.

"Yari, ko za mu mutu, murɗa!"

A Sabon Birni Halimat, nas ɗin da ke jiran su, ta karkata kwalba ta farko. Abin ciki bai motsa ba, ya kama kamar kunun jiya.

"Baba, ina ka sa wannan?"

"Inda ubana ya koya mini."

Ta karkata ta biyu, wadda ya bar wa ɓarayi. Ruwan ya yi jinkiri, sannan ya gangara. Ta fizgi sirinji ta shige ɗaki da gudu.

Daga ciki Tasalla ta ce, da 'yar muryarta, "Malam, ba biyu aka ce ba?"

"Biyu ne," in ji shi, yana zama a dandamali. "Ɗayar hammatata aka yi wa magani."