Dutsen Taimamar Baba Yunusu

An kira azahar a masallacin unguwar Gardole, Halliru kuwa yana durƙushe a ɗakin mahaifinsa yana lalube ƙarƙashin gado. Ya ɗaga tabarma, ya zazzage buhun tufafi, ya leƙa bayan randa. Dutsen ba ya nan.

Tun da ciwo ya hana Baba Yunusu taɓa ruwa, da wannan dutse yake taimama. Baƙi ne, mai sulɓi, girmansa cikin tafin hannu. Uban Baba ne ya ɗauko shi daga rafin garinsu a ƙasar Zamfara, da niyyar ajiye shi a Makka, sai tafiya ta tsaya masa a nan bakin kogin Shari har ya rasu. Halliru ya sha yin alkawarin ƙarasa wannan tafiya, kuma kowace shekara uzurinsa ɗaya ne: yaya za a raba tsoho da dutsen sallarsa?

"Baba, ga bango nan, ƙasa ce tsarkakakkiya."

"Na san bango," in ji tsohon, ya juya masa ƙeya.

Matar Halliru, Ruƙayyatu, ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. "Jiya 'yarka Sakinatu ta ishe ni. Wai malaminsu ya ce kowa ya zo da dutse. Ta zaga unguwar nan kaf, ban da guntun bulo ba ta samo komai ba. Garin laka, ina za a ga dutse?"

Halliru bai jira ƙarshen maganar ba, ya hau babur.

A makaranta ya tarar ba a tashi 'yan aji biyu ba, sun yi cincirindo a gaban tebur. A kai akwai kanwa, da gishiri, da alli, da guntayen bulo. Malam Rufa'i, malaminsu, yana riƙe da guduma.

"Bulo mutum ne ya gasa shi," yake cewa. "Kanwa da gishiri ma'adinai ne, kowanne jinsi ɗaya. Shi kuwa dutse tarin ma'adinai ne da suka haɗu. Ku duba cikinsa: fari, da ja-ja, da baƙi mai ƙyalli."

Sai Halliru ya ga abin da yara ke miƙa wa juna. Dutsen Baba ne, ɓari biyu.

"Abba!" Sakinatu ta rugo, fuskarta fal murna. "Nawa ne kaɗai dutsen gaske. Ashe cikinsa ba baƙi ba ne."

Ya dubi yarinyar, ya dubi malamin da ke yi masa godiya. Ya karɓi ɓarin biyu, ya zuba a aljihu. Duk hanya suna ƙwanƙwasar juna, shi kuma yana shirya ƙarya yana rushewa.

A gaban gadon Baba ya buɗe hannu kawai.

Baba Yunusu ya daɗe yana kallo. Ya shafa wajen da ya fashe da babban yatsa, ya karkata shi ga hasken taga.

"Tun ina yaro nake riƙe da shi, ban taɓa sanin haka yake ba. Wa ya fasa?"

"Malamin su Sakinatu. Karatu yake koya musu."

"Karatu." Tsohon ya kife ɓari ɗaya a kan cinyarsa, ya buga tafukansa a gefen mai sulɓi, ya shafi fuska, ya shafi hannaye. Ya yi sallarsa a kishingiɗe, Halliru yana tsaye.

Da ya sallame, sai ya ɗauki ɗaya ɓarin, ya danƙa a hannun ɗansa, ya matse yatsunsa a kai.

"Wannan ya ishe ni sallah. Wancan kuma ba shi da sauran aiki a gidan nan, tafiya ce ta rage masa."

Halliru ya fita tsakar gida. Ya zauna, ya tashi, ya je ƙofar gida ya dawo, kaifin dutsen yana cizon tafinsa.