Hawan Jinin Dilbar

"Idan sun tambaye ki, hawan jini ne," in ji maƙwabciyata Dilbar, tana damƙe da hannuna a bakin tanderu.

Dangin yarinyar da ɗanta Sanjar ke nema sun shigo unguwa bincike. A garinmu Margilan ba a ba da 'ya sai an bi maƙwabta gida-gida, ni kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Ni na raka ta asibiti a birnin Tashkent, don haka na san ba hawan jini ba ne. Likita ya nuna mana wani ɗan lanƙwasasshen wuri a hoton ƙwaƙwalwarta, ya ce yana da hannu a tuna abubuwa da walwalar zuciya, nata kuma ya motse. Ciwon damuwa ne, yana da magani, amma sai ta yi rajista a asibitin masu taɓin hankali na garinmu.

"Yaya Dilbar, ki je mana," na ce.

"In je a rubuta sunana? Matluba, ke da bakinki ba ya riƙe ko tsaki, kin san unguwar nan. Wa zai ba ɗan mahaukaciya mata? Bari a karya gurasar baiko tukuna."

Dangin yarinyar suka zo, na zuba musu shayi, na shirga ƙaryata tsaf. Har na ƙara da cewa ta cika cin gishiri.

Aka karya gurasa, baiko ya tabbata, Dilbar ta ce zuwa asibiti sai bayan biki. Aka yi biki, ta ce amarya ba ta saba da gida ba. Na yi naci har na gaji, kuma ba zan ɓoye ba, na daina. Ta bar gashin gurasa, ta bar fita, daga baya ta bar abinci. Sai ta juya fuska bango, in na yi magana ta ce, "Gajiya ce kawai."

Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, inabi bai gama nuna ba.

Wurin zaman makoki uwar amarya ta raɗa mini, "Hawan jini mugun abu ne."

"Mugu ne," na ce. Na ji kunyar kaina.

Washegari da safe na buɗe ƙofa, na tarar da amarya ta share titi har bakin gidana, tana yayyafa ruwa, kamar yadda amaren garinmu ke yi kowace safiya. Ta ajiye bokiti, ta rusuna ta gaishe ni.