Zabirar Lado

Ranar da 'yan jawazat masu kamen marasa takarda suka kwashe Lado wanzami a bakin masallaci, ko takalminsa bai samu ya ɗauka ba, balle zabira. Sai ta zauna rataye a ƙusa, a ɗakin da suke kwana shi da Gwadabe, can bayan unguwar Bagdadiyya a Jidda. Shi Gwadabe dako yake yi a kasuwar kayan miya. A gida, da ƙuruciya, ya taɓa yi wa mahauta fiɗa. Iyakar saninsa da ƙarfe ke nan.

Ana cikin haka Zaituna matar maƙwabcinsu Muntaka ta haihu, namiji, gashi cunkus a ka. Muntaka ya zo ya tsaya a bakin ɗaki.

"Baba Gwadabe, kai za ka yi mana askin suna."

"Ni? Ni da gemuna ma Lado ke gyara min?"

"Zabira dai a ɗakinka take. Halas, magana ta ƙare."

"Ka kai shi shagon askin Turkawa mana."

"Jariri ba takarda, ni ba iƙamar zama a ƙasar, in ratsa titi da shi? Kai dai ka lallaɓa, Baba. In aska ta ci shi, ka san babu asibitin da za mu nufa."

Ya faɗi haka ya yi tafiyarsa, ya bar tsoho da maganar a ƙirji.

Gwadabe ya sauko da zabira ya zazzage. Aska biyu, ƙaho, ɗan dutsen washi, sai wata doguwar fata mai santsi. Iskar teku har ta fara sa wa askar tsatsa. Fatar nan kuwa ya juya ta, ya juya ta, ya ce igiyar rataya ce, ya je ya ɗaure ƙofar bayi da ita, dama ta daɗe ba ta rufuwa. Aska kuma ya ɗauke ta tamkar wuƙar yankan rago: ya ɗaga bayanta, ya danna a dutse, ƙarr, ƙarr. Ita aska kwantar da ita ake a lallashe ta, a ƙarasa a kan fata. To wa zai gaya masa? Mai gaya masan yana can ana jiran jirgin da zai mai da shi Kano.

Ya sayo kankana, ya shafe ta da sabulu, ya hau aski. Kankana ta yi ta zubar da jan ruwa, shi yana salati. Suka shanye ta da maƙwabta. Da ya ga kankana ba ta da gashi, ba ta kuma cewa wayyo, sai ya jingina ɓallin madubi a taga bayan la'asar, ya gwada a kansa.

Ranar suna ya zo da hula ya ja ta har kunne, cikin zafin Jidda. Kulu, uwar Zaituna, ita ke riƙe da jariri. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam Gwadabe, sanyi kake ji?"

"A'a, Hajiya."

"To cire hular, ka ga abin da kake yi."

Ya tsaya. Ta miƙa hannu ta zare hular da kanta. Kai duk auduga a manne, nan gashi, nan jini ya bushe, kamar kaji sun yi tono.

Kulu ta ja zane ta rufe kan jikanta.

"Inna, sunna ce fa," in ji Muntaka.

"Sunna a aske aka ce, ɗan nan, ba a feɗe ba."

"To ya za mu yi? Babu wani wanzamin."

"A bar shi da gashinsa."

Gwadabe ya ce, "Hajiya, wallahi na yi iya yina." Ta ce, "Ai ga shi nan a kanka, mun gani." Ba wanda ya yi dariya. Zaituna ce ma ta juya bango tana share ido, don a danginsu ba a taɓa raɗa suna da gashin haihuwa ba.

Aka sa wa yaro Abdulghani, aka ci shinkafa, aka watse. Gwadabe ya mai da zabira ƙusarta. Har yaron ya fara zama, gashin nan na kansa. Duk Juma'a kuwa, in an sallame, za ka ga tsohon a ƙofar masallaci yana tare sababbin 'yan umara da suka maƙale, yana tambaya a hankali, "Don Allah, a cikinku akwai wanzami?"