Karan Gwanda a Rairayin Gabas

Shekarar da Nasara suka fara kwasar maza zuwa aikin hanya, mutanen tsibirin da ke ƙasan Gaya ba su ƙara kallon kogi da kwanciyar rai ba. Wanda aka tafi da shi, ko ya dawo, ba ya dawowa da ƙarfinsa.

Ran nan Bibata na wanke tukwane a rairayin gabas, ta hango jirgin sojan kwamandan Nasara ya karyo kwana. Mijinta Halidu na gyaran taru kusa da ita, kuma babu sauran damar gudu. Ya fizgi karan ganyen gwanda, irin mai ramin nan da masunta ke shaƙar iska da shi in sun nutsa, ya sulale cikin ruwa ya kwanta a gindin ciyawa. Bakin karan kaɗai ya rage a sama.

Sojan ya zaga bukkoki, bai tarar da kowa ba sai mata da tsofaffi. Rana ta dake shi. Ya gangaro yana sharce gumi, ya tsaya yana kallon farin rairayi da ruwa garau.

"Kai, ku kam kun more," ya ce. Ya cire jar hularsa. "Bari in ɗan yi iyo."

Bibata ta dubi ruwan. Inda ya nufa, nan karan yake, yana ɗan rawa. Ta goga tukunyar da ta riga ta fita tas, ta waiga. Surukarta, Inna Asma'u, na zaune a inuwa ta ƙura wa ruwan ido, leɓɓanta na motsi.

Tun da aka kawo Bibata gidan ba ta taɓa buɗe kanta gaban tsohuwar ba. Amma a tsibirin, in mace ta rataya kallabi a turken jirgi, gaɓar ta zama ta mata, namiji ba ya taka ta. Ta zare kallabin, ta rataya, ta faɗa ruwa da zanenta, ta tsaya tsakanin sojan da ciyawar.

Inna Asma'u ta miƙe tana kama bakin zane.

"Ɗan nan, da uwarka kuke wanka a garinku? To tsaya, ga ni nan tafe!"

Mata suka fito daga bukkoki suna shewa. Sojan ya dubi kallabin, ya dubi tsohuwar. Shi ma ɗan bakin kogi ne. Ya ɗauki hularsa yana gunaguni, ya koma jirgi.

Bibata ba ta motsa ba har jirgin ya ɓace. Da ta juya, karan ya daina rawa.

"Inna," ta ce.

Ta tura ƙafa cikin ciyawa tana lalube. Laka. Saiwa. Laka.

Sai hannun Halidu mai sanyi ya damƙe mata idon sawu, ya matsa a hankali.