Jarrabawar Auta ta Uku

Sau biyu Auta tana faɗuwa jarrabawar zama ungozoma, har yayarta ta fara tsokanarta: "Da jikokinki za ku gama makarantar nan."

Auta ta ce, "Yaya, wajen haihuwata Inna ta rasu. Na yi wa Allah alkawarin wannan aikin, ba zan saɓa ba."

A karo na uku aka haɗa ta da wata mai naƙuda, malamarsu na tsaye tana kallo. Jaririya ta faɗo ko motsi babu. Auta ta yi bisimilla, ta dinga murza bayan yarinyar da tawul har kuka ya cika ɗakin.

Malamar ta yi murmushi. "To ungozoma, yanke cibiya mana, me kike jira?"