Ɗigo Mai Wutsiya

Takardar ƙarar da Malam Abdulƙadiri yar rubuta ma Di'o, Baturen mulki, hannun wanda an ka kai ƙara tak komo.

Lokacin yaƙin Jamus na, sa'ad da an ka riƙa ɗibar maza ana kai su Jos haƙar kuza. Uban ƙasar wani gari gabas ga Goronyo yas sa sunan Mode cikin mutum goma sha biyun da za su tahi, don Mode ya hana mai gonatai ta albasa da ke bakin gulbi. Mode kuwa mijin Kaltume na, yayar Abdulƙadiri ciki ɗaya. Shi ko Abdulƙadiri shi na malamin uban ƙasar, shekara tara yana rubuta mai wasiƙun Turanci.

Da Kaltume taz zo mai da kuka, yac ce ta tahi gida ta kama bakinta. Bai yi wauta ba. Da hannun hagu yar rubuta ƙarar uban ƙasa, bai sa suna ba, yal lalata Turancin da gangan kamar na yaron kanti, yab ba wani mai jakuna ya jefa a gidan waya can Sakkwato. Abu ɗaya hannunai yaƙ ƙi bari, wata alama, ɗigo bisa waƙafi. A makarantar Midil an ka koya mai ita: in kana da magana biyu, kowace na iya tsayawa da ƙafarta amma ba ka son raba su, ita ka shiga tsakani. Malaman Wurno da na Rabah tsoronta su kai. Shi da ita yaka taƙama. Sau huɗu ta faɗa cikin takardar bai sani ba.

Sati ukku, masinja yak kawo ta, Di'o ya ce uban ƙasa ya bincika. An ka kira Abdulƙadiri zaure ya karanta. Yak karanta, yana rage ma maganar kaihi.

Uban ƙasa bai san boko ba, amma shekara tara yana danna hatimi yana kallo. Yas sa dogari ya ɗauko akwatin wasiƙu, yab baje su bisa buzu, na Wurno gefe, na Rabah gefe, na malaminai gefe. Ya daɗe yana bin su da yatsa.

"Malam, wagga aba mai wutsiya, mi taka cewa?"

"Ba ta cewa komi, ranka ya daɗe. Wurin hutawa na."

"Na Wurno ba shi hutawa. Na Rabah ba shi hutawa. Kai ɗai da mai ƙarag ga ku ka gajiya."

Ba wanda yay yi dariya. Uban ƙasa yac ce lalle mai ƙara na da gaskiya, Mode na da ɗiya ƙanana, a kawo takardar sunaye a soke nashi. Abdulƙadiri yas soke.

"To gwamnati goma sha biyu tac ce. Cika gurbin ka ba ni in sa hatimi."

Abdulƙadiri yad dubi dogari, yad dubi ƙofa, yat tsoma alƙalami yar rubuta nashi suna.

Ran Talata sun ka tashi a ƙasa. Bayan wata huɗu mutum tara sun ka komo. Sun ce sanyin dutse ya kama ma Abdulƙadiri ƙirji tun satin farko, can an ka rufe shi.